Hoton wata gadar Japan ana ruwan sama: zanen hannu ne ko bugun inji?

Ɗan_Kwari:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san kan zane-zanen mutanen Japan ya taimaka min. Yayana ne yake zuwa can saro injinan mota da kayan gyara, to wannan zuwan da ya yi wani dattijo da suke hulɗa ya ba shi kyautar hoto a cikin kwali, shi kuma ba ruwansa da irin waɗannan abubuwa, yana dawowa ya miƙo min wai in rataye a shago. Hoton wata doguwar gada ce ta katako a kan kogi, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutane sun duƙa suna sauri, wasu uku sun cusa kai ƙarƙashin lema ɗaya, wani ya yafa abu kamar tabarma, can cikin kogin kuma wani shi kaɗai yana tura gungumen katako da doguwar gora. Saman hoton baƙi ƙirin, sai ya dinga washewa a hankali zuwa ƙasa. Akwai rubutunsu a cikin ɗan jan akwati a gefe.

Abin da ya ɗaure min kai, kalar ba a saman takardar take ba kamar na kalanda, ta nitse ciki ne kamar rini. Shin da burushi aka yi ko inji ne? Na biyu, da na leƙa intanet sai na ga irinsu birjik kuma kusan ko ina gada, gada, gada, me suka gani ne a gada haka? Na uku kuma kar ku yi min dariya, abun yana da kuɗi? Don wani maƙwabcina tuni ya taya dubu biyar.

Mai_Hatimi:

Wa alaikumus salam. Ba burushi ba ne kuma ba inji ba ne ɗan'uwa, bugu ne amma na hannu. Ni tun ina yaro aikina kenan, hatimi da katin biki da kalanda, ranar da na fara ganin bidiyon yadda suke wannan aikin sai da cajin wayata ya ƙare ina kallo.

Ka san yadda muke yanka hatimin roba, a bar harafi a tsaye a ƙwaƙule gefe da gefensa, kuma a juye? To shi ne, sai dai su a allon katako suke yi, icen ceri na dutse saboda tauri gare shi, siririn layi ba ya karyewa. Kuma kowace kala da allonta. Aikin na mutum huɗu ne. Akwai mai jari wanda shi ne uban tafiya, shi ke zaɓar abin da za a zana ya biya kowa ya kuma sayar a shagonsa. Akwai mai zane, akwai masassaƙi, akwai mai bugu. Sunan mai zane ne ke fitowa ɓaro-ɓaro a jiki, masassaƙi da mai bugu yawanci ko oho, wannan ya yi min ciwo wallahi don na san su waye suka sha wahalar.

Mai zane zai yi zanensa da baƙar tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya kifa ta a kan allo ya manne da sitacin shinkafa, ya murje bayanta har layukan su fito, sannan ya bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Ka ga kenan ainihin zanen hannun ya tafi, wuƙa ta cinye shi. Daga wannan allon na farko ake buga wasu 'yan kwafi, mai zane ya nuna nan ja, nan shuɗi, nan ruwan toka, a sake sassaƙa allo ga kowacce. Inda hikimar take shi ne wata 'yar alama da suke yankawa a bakin kowane allo, kento suke ce mata, ɗaya kusurwa ɗaya miƙaƙƙiya, a nan ake tokare takarda duk bugu. Duk wanda ya taɓa buga kati mai kala biyu ya ga ja ta zame ta bar baƙi a gefe ya san darajar wannan alamar. Da ita ne tun 1765 suka fara fitar da hoto mai kala da yawa.

Mai bugu kuma ba matsewa da inji. Ya shafa kalar ruwa da ɗan sitaci a allo da burushi, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya ɗauko wani ɗan faifai kamar tafin hannu da ake kira baren, igiya ce murɗaɗɗiya daga ɓawon gora aka naɗe aka rufe, ya dinga murza bayan takardar da ƙarfin kafaɗa. Shi ya sa ka ga kalar ta shige ciki. Takarda ɗaya sai ta hau allo sau goma, wani lokaci sama da ashirin, kuma ba ɗaya yake yi ba, wajen ɗari biyu yake jerawa ya gama musu kala ɗaya sannan ya koma ta gaba. Wannan baƙin sama da ka ce yana washewa, bokashi sunansa, ba a sassaƙa shi, jiƙa allon ake da tsumma a sa kala a baki ɗaya a ja ta da burushi ta narke cikin danshin, kuma kowace takarda sai an sake. Don haka in ka jera biyu ba za ka samu hadarinsu iri ɗaya sak ba.

Ka duba ruwan saman da kyau. Layukan ba hanya ɗaya suka bi ba, kashi biyu ne, wasu sun fi baƙi wasu sun fi haske kuma sun ɗan saɓa da juna. Ka tuna kowane layi ba tsaga shi aka yi ba, barinsa aka yi a tsaye siriri kamar gashi aka ƙwaƙule duk abin da ke kewaye da shi. Hannu ya ɗan yi rawa, shikenan layin ya tafi.

Baƙon_Saitama:

Malam Mai_Hatimi Allah ya saka da alheri, ka gama da ɓangaren aiki. Bari in ɗauki na gada tunda karatu ya kawo ni kusa da wurin.

Daga bayaninka Ɗan_Kwari, hoton Utagawa Hiroshige ne na 1857, ruwan bazata a kan gadar Shin-Ohashi da unguwar Atake. Kogin shi ne Sumida, garin kuma Edo, wanda aka mayar wa suna Tokyo a 1868. Yana cikin jerin da ya yi na shahararrun wurare ɗari na Edo, duk da cewa sun wuce ɗari, 118 ne nasa. An haife shi 1797, babansa ma'aikacin kwana-kwana ne na gwamnatin shogun, wato shugaban soja mai mulkin ƙasar a lokacin, ya gaji muƙamin tun yana yaro kafin daga baya ya sakar wa wani ya rungumi zane. Ya rasu 1858 lokacin annobar kwalara, jerin bai ma gama fitowa ba.

Maganar gada, sai ka fara sanin irin garin. Edo garin ruwa ne, magudanai aka haƙa ko ta ina, shinkafa da katako da kifi duk a jirgi suke shigowa, kuma a ƙarni na 18 mutanensa sun kai wajen miliyan ɗaya, a cunkushe cikin gajerun gidajen katako. In kana lungu ba abin da kake gani sai bangon maƙwabci. Kana hawa gada sai sarari ya buɗe, ga fadar shogun, ga jirage, in gari ya yi wasai har dutsen Fuji. Mai zane da ke neman inda zai tsaya ya ga gari, ina ya fi nan?

Sannan akwai tarihi mai ɗaci. Da farko gwamnati ba ta son gadoji a kan Sumida saboda tsaro, ta Senju ce kawai can sama tun 1594. Sai gobarar Meireki ta 1657 ta cinye yawancin garin, mutane suka gudu har bakin kogi ba hanyar tsallakewa, ana ƙiyasin waɗanda suka mutu har zuwa dubu ɗari. Bayan nan aka gina gadar Ryogoku, aka kuma bar fili fetal a bakinta don wuta kar ta tsallaka. To ka san halin ɗan Adam da fili, nan da nan masu shayi da masu abinci da masu wasan dabo da masu ba da labari suka kafa rumfuna, wurin ya koma kamar bakin tasha ranar kasuwa. Da zafi kuma ana wasan wuta a kan kogin, jama'a su cika gadar maƙil. Taka ta Shin-Ohashi ta zo daga baya, ma'anar sunan ma sabuwar babbar gada.

Uwarsu duka ita ce Nihonbashi ta 1603. Daga kanta ake fara ƙirgen nisan manyan hanyoyi biyar na ƙasar, kasuwar kifi na gefenta, sanarwar gwamnati a nan ake kafewa. Jerin da ya fito da sunan Hiroshige, na zangon 53 na hanyar Tokaido da aka buga wajen 1833 zuwa 1834, hoto 55 ne, ya fara a kan Nihonbashi da asuba ya ƙare a kan gadar Sanjo a Kyoto. Shi ma Hokusai, mai hoton babbar igiyar ruwan nan da yanzu take bayan takardar yen 1000, ya yi jeri guda na gadoji zalla wajen 1834, hoto 11, har da ta Kintai mai baka biyar.

Su waye masu saye? Talakawan gari da baƙi. Dokar ƙasar ta tilasta wa sarakunan larduna su dinga zaman shekara a Edo shekara a gida, kowanne da ɗaruruwan barori da dakaru, in za su koma sai a nemi tsaraba marar nauyi mai araha. Hoto ɗaya kuɗinsa bai wuce na kwanon taliyar soba ko biyu ba. A 1842 ma gwamnati ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayo na kabuki da matan gidajen shaƙatawa, ta ƙayyade farashi, wannan ya ƙara tura masu jari wajen hotunan gari da hanya. Kuma jerin da naka yake ciki an fara shi 1856, 'yan watanni bayan girgizar ƙasar 1855 da ta rusa Edo, shi ya sa wasu masana ke ganin kamar ana nuna wa mutane ne cewa garinsu ya miƙe.

Na je Nihonbashi da zumuɗina, abin dariya sai da na wuce ta ban sani ba. Ta dutse ce yanzu, ta 1911, kuma an ɗora mata gadar sama ta motoci a ka tun 1963 ana shirin wasannin Olamfik, inuwa ce kawai da ƙarar taya. Yanzu dai suna aikin mayar da titin ƙarƙashin ƙasa.

Jikar_Marina:

Ni kam tunda aka ce kalar ta shiga takarda kamar rini hankalina ya tafi. Na je na nemo hotunan na gani, wannan shuɗin na ruwa da na sama, Malam na Japan, baba ne? Mu a gidan masu rini muka taso, kakanmu har ya tsufa hannunsa bai taɓa komawa kalarsa ba, to wannan shuɗin da ke farawa da duhu ya tafi yana haske ya tuna min da zanen da aka tsoma sau ɗaya da wanda aka tsoma sau bakwai.

Baƙon_Saitama:

Hajiya kin taɓo inda ake so. Suna da nasu baban, da yarensu “ai” suke ce masa, ganyen daban ne da namu amma sinadarin shuɗin da ke fita ɗaya ne, kuma rinin tufafi da shi sana'a ce a wurinsu har gobe. Sun yi amfani da shi a bugu, da wani shuɗin na fure wanda ko danshi ya taɓa sai ya gudu. Amma wannan mai kaifin da kike gani a hotunan 1830 zuwa sama yawanci na kanti ne, a Balin ta Jamus aka gano shi farkon ƙarni na 18, su kuma suka lanƙwasa sunan garin suka ce bero. Da tsada yake, sai ƙarshen shekarun 1820 ya yi araha ta hannun 'yan kasuwar Sin da Holan. Garinsa laushi gare shi, yana narkewa sumul a bokashi kuma ba ya saurin kodewa, to ga ruwa ga sama, abin da mai hoton gada yake nema kenan. Jerin Fuji na Hokusai da wannan shuɗin aka tallata shi. Wani lokaci ma haɗa su suke, layi da baba, cikin da bero.

Jikar_Marina:

Ikon Allah, Jamus ɗin dai. Mu ma ai shuɗin gwangwani na Turawa ne ya zo ya kwantar da karofi da yawa, sai 'yan tsiraru irin na Ƙofar Mata suka rage. Su ya zo ya raya musu sana'a, mu ya kashe mana. Na gode Malam.

Alhajin_Lissafi:

Kun sha tarihi, ba wanda ya amsa wa yaron nan tambayar da ta kawo shi, hhh. Ƙanina zauna in gaya maka, kar ka fara cinikin fili tukuna.

Gaskiya ne abun ya yi daraja. Da Japan ta buɗe ƙofarta hotunan suka kwarara Turai, masu zanen Faransa suka ruɗe a kansu. Wannan naka ɗin ma Van Gogh ya kwaikwaye shi da fentin mai a Paris a 1887, har ya zagaye shi da rubutun Japan da ya kwafo bai san me yake cewa ba, yana gidan tarihinsa a Amsterdam yanzu. Monet ya tara sama da 200 a gidansa na Giverny ya kuma gina gada irin tasu a lambu. A 2023 an yi gwanjon kwafi ɗaya na igiyar ruwan Hokusai a New York sama da dala miliyan 2.7.

Amma ka ji abin da Mai_Hatimi ya ce, abun bugu ne. Hoton da ya karɓu dubbai aka buga tun mai shi na da rai, har allon ya cinye layuka su yi kauri su kakkarye, kuma masu saye na bambanta bugun farko da na baya, tazarar kuɗinsu kamar sama da ƙasa. Bayan nan kuma an yi ta sassaƙa sababbin alluna ana sake bugawa fiye da shekara ɗari, har yau akwai masu yi da hannu a Tokyo da Kyoto, irin su Adachi da suka fara tun 1928, kuma ba algus ba ne, a fili suke cewa sabon bugu ne. Sai kuma na inji da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Kashi uku kenan, kuma hankali ma ya ba ka cewa dattijon da ke sayar da injin mota zai fi ba da na tsakiyar.

Ga gwajin da za ka yi a shago ba sai ka biya kowa ba. Juya bayansa, in na hannu ne za ka ga kalar ta ɓullo da sawun murza kamar an yi ta zagaye. Sa kyamarar waya ka ja zum sosai, in ka ga ɗige-ɗige a jere kamar na jarida to inji ne, an gama magana. Ɗaga shi a haske, takardarsu ta ɓawon icen kozo ce, za ka ga zare-zare da siraran layuka a ciki. Auna shi, girman da aka saba wajen santimita 39 ne da 26 in ba a datse gefe ba. Sai ka duba farin gefen, na zamanin akwai 'yan ƙananan hatiman masu tacewa na gwamnati da na shekara da na mai jari, sai dai masu sabon bugu ma kan kwaikwaye su, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ne. In takardar fara ce tas ba tabo ba huda ba alamar tsufa, to shekara 160 da wani abu ba ta wuce haka a kan takarda.

Ko wanne ne dai kar ka ba da shi dubu biyar.

Abu_Sumayya:

Ba don in ɓata hira ba, amma tunda akwai surar mutane a jiki kuma rataye shi za ka yi, ya kamata ka tuntuɓi malamin da ka yarda da shi. Allah ya sa mu dace.

Ɗan_Kwari:

Amin, na gode da tunatarwa Malam, zan tambaya in sha Allah.

Jama'a na yi gwajin Alhaji yanzun nan har yaran shago na min dariya ina ɗaga takarda a rana. Bayan akwai sawun murzar, baƙin saman ya ɓullo sosai, na ja zum ba ɗigo ko ɗaya, ruwan saman kuma wallahi kashi biyu ne kamar yadda Mai_Hatimi ya faɗa, sati uku ina kallon hoton ban lura ba. Amma takardar fara ce fes kamar jiya aka yi ta, kuma a cikin kwalin na samu wata 'yar takarda da ban kula da ita ba da, da rubutun Japan da na Turanci da lambar waya. Ina ga mutanen 1857 ba su da lambar waya. Alhaji filin ya tafi kenan.

To yanzu ya zan adana shi? Da salatif na so in manna shi a bango.

Mai_Hatimi:

Kai, kar ka kuskura! Salatif cin takarda yake, shekara ɗaya za ka ga tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kar kuma ka bari a yi maka laminatin, zafi da roba sun gama da shi kenan. Ka kai wa mai firam ya yanko kwali mai taga ya ɗora a kai yadda gilas ba zai taɓa fuskar hoton ba, don da damina gumi na taruwa a bayan gilas ya manne. A toshe bayan da kyau saboda ƙurar hunturu da gara. Kuma ba bangon da rana ke duka ba, shuɗin zai jure amma jan akwatin nan da rawaya su ne za su fara tafiya.

In ka zo wucewa ta wajenmu ka taho min da shi kafin a rufe shi a gilas, so nake in taɓa bayan nan da hannuna.